Shuɗiyar Ƙofa a Bayan Yaya Mumin

Laraba, 9 ga Yuli, da hantsi

Yau kwana biyar wayar Yaya Mumin a kashe. Na kira sau huɗu tun da na buɗe shago. Matar nan ta cikin waya tana ta ba ni amsar da ta saba, har na tsani muryarta.

Littafin nan na darasin kwamfuta ne, rabinsa ba a taɓa ba. Ina rubutu a ciki ne don hannuna ya daina rawa kafin masu hoto su fara zuwa. Aikina a shagon Oga Gwadabe ba ya son rawar hannu: in yanke mutum daga cikin hotonsa, in zubar da abin da ke bayansa, in ɗauko bokitin fenti na cikin Fotoshof, manhajar gyaran hoto, in zuba launin da ake so. Ja ga 'yan makaranta, fari ga masu neman aiki. Shekara uku ina yi, kuma kaf Gaya babu mai fitar da gefen kunne da bakin hula tsaf kamar ni. Da da alfahari nake faɗar haka.

Yayana ya tafi ne bayan an gama noman farko a gonarmu ta Balan. Wani mutum ne ya yi masa alkawarin aiki. Wane mutum, wane gari, wane irin aiki, bai faɗa ba. Ya ce da Inna sai abin ya tabbata, kada baki ya shiga. Inna da kanta ta ce hakan shi ne hankali. A gidanmu ko akuya za a saya ba a faɗa sai ta shigo tana kuka a tsakar gida.

Laraba, bayan la'asar

Sau tara. A kashe.

Alhamis, 10 ga Yuli, da sassafe

Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin ɗakina. Ba ya tsayawa a nan.

"Afra'u, ke ce mai irin wayarsa. Bai turo miki komai ba kafin tasa ta mutu?"

Na ce ya turo hoto. Na nuna masa wanda na ɗauko daga kwamfutar shago jiya: Yaya Mumin cikin baƙar kwat da jan lakatayi, bayansa fari fat. Baba ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, yadda yake yi in zai duba rubutu.

"A ina ya samu kwat?"

Na ce wataƙila aro ya yi.

"Haka ya turo shi?"

Na ce eh.

Baba bai taɓa shiga shagonmu ba. A wurinsa hoto hoto ne, abin da aka ɗauka shi ake gani. Ya ce in buga masa guda biyu zai kai wa 'yan sanda, ya fita. Ni kuwa na kasa shan kokon da Inna ta dama.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an tafi masallaci

Shago babu kowa. Zan rubuta shi sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ranar Alhamis ta makon jiya shagon nan cike yake da 'yan mata 'yan sakandare, kowacce tana son jan baya, kowacce tana son a rage mata ƙuraje. Ba wuta, man janareta ya kusa ƙarewa, Oga yana ta yi min tsawa daga bakin ƙofa. A cikin wannan hayaniyar saƙon Yaya Mumin ya shigo ta Watsaf. Hoto ne, da rubutu a ƙasa: "Ƙanwata, ki mai da min wannan fasfo, farin baya, ki ɗora min kwat. Yanzu suke so."

Minti shida na yi. Na yanke shi, na zuba fari, na ɗauko kwat ɗin da muke ɗora wa kowa na daidaita masa a wuya. Sai na yi sebin, wato na ajiye sabon a kan na asalin ya maye gurbinsa, yadda Oga ya koya min tun ranar da na fara aiki, don kwamfutarmu tsohuwa ce, ba ta da wuri. Na tura masa. Ya ce Allah ya yi albarka. Ko amsawa ban yi ba.

Ranar Asabar kuma na share Watsaf ɗina gaba ɗaya, kamar kowace Asabar, saboda hotunan mutane suna shaƙe min waya. A lokacin kwana ɗaya ne wayarsa a kashe. Wa yake tsorata da kwana ɗaya?

Wurin da yake tsaye yana cikin hoton nan. Rigar da ke jikinsa tana ciki. Duk abin da za a bi a nemo shi yana ciki, ni kuma na zuba masa farin fenti na rufe. Kuma na kalli idon Baba na ce haka ya turo.

Ina jin tsoro. Ban san wanne ya fi ba, na abin da ya same shi ko na ranar da za a gane.

Asabar, 12 ga Yuli, da azahar

Na kai wayata wurin mai gyara na bakin tasha, na ce hoton wata kwastoma ne ya goge. Ya jona ta da kwamfutarsa, ya yi ta latse-latse kusan awa guda. Ya dawo min da hotunan bikin wata da ban ma sani ba da tallan atamfa. Na Yaya Mumin babu.

Da na dawo na tambayi Oga, kamar da wasa, in an yi sebin a kan hoto ko akwai dabarar dawo da na farko. Ya yi dariya ya ce, "Ke da kike koya wa mutane? Wanda aka hau kansa ya tafi." Ya ga fuskata ya daina dariyar, ya zaci zancen yayana ne kawai yake damuna. Ya ce in tafi gida in huta. Gida ne inda ba na son zuwa.

Lahadi, 13 ga Yuli, da yamma

Inna ta tuƙa tuwo ta zuba na Yaya Mumin a kwanonsa ta rufe.

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

Kwana goma.

Tun safe nake rufe ido ina ƙoƙarin ganin hoton. Abin takaici, ba hoton nake tunawa ba, aikin nake tunawa. Idan ana yankan mutum ba mutumin ake kallo ba, gefensa ake bi, kamar mai yankan yadi da ke bin layin alli. Ba zan iya rantsuwa ko yana murmushi ba sai da na sake buɗe fasfon na duba. Ba ya yi.

Abu ɗaya na tabbatar: akwai shuɗi ta damansa. Na san haka ne don sai da na sha wahala kafin na cire shuɗin da ya maƙale a gefen kunnensa. Amma shuɗin mene ne? Ƙofa? Duro? Mota? Sauran wurin kamar ruwan ƙasa ne, ko bango ko katanga. Rigarsa kamar ruwan toka. Kullum "kamar".

An kai sanarwa gidan rediyo. Yaya Mudassir, ɗan Baffana, shi ne ya ɗauki abin a ka. Ya zaga tashoshin Wudil da Dutse da hoton a aljihu. Jiya ya shigo gida idonsa jawur ya ce, "Baffa, da a ce ko bishiya ɗaya ce a bayan hoton nan, wallahi da na nemo ta." Na tashi na shiga banɗaki na daɗe.

Talata, 15 ga Yuli, bayan la'asar

An yi ruwa, ba kwastoma, Oga ya tafi Kano sayen takarda da tawada. Sai wani tunani ya zo min: in na sake gina bayan hoton da hannuna, wataƙila idona ya tuna abin da kaina ya manta.

Na cire farin. Na buɗe sabuwar leya a bayansa, wato shafin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mutum, na zuba ruwan ƙasa. Bai yi ba, ya yi haske. Na ƙara masa duhu, na sa masa ɗan gurɓi-gurɓi irin na yaɓe. Na zana shuɗi ta dama, sai ya fito kamar zanen 'yan firamare. To Oga yana da wata folda da yake tara kayan aiki shekara da shekaru: gajimare, furanni, motoci, labule, ƙofofi, duk abin da ya burge shi a hoton kwastoma sai ya yanke ya ajiye. Na shiga ciki na samu wata shuɗiyar ƙofar ƙarfe, mai facin kwano a ƙasa da wani ɗan tauraro da aka yi wa walda a sama. Na ɗora ta. Na cire kwat na sa masa riga ruwan toka daga foldar. Na yi masa inuwa a bango, na daidaita hasken.

Ya yi kyau. Wannan shi ne abin da ya ba ni tsoro. Na daɗe ina kallo, har na fara jin kamar haka hoton yake tun asali. Ban tuna komai sabo ba, sai ma ɗan abin da nake da shi da ya gauraye da wannan.

Gobe zan goge shi.

Laraba, 16 ga Yuli, da azahar

Ban goge ba. Na buɗe shi ne in yi masa kallon ƙarshe, sai na ji numfashin mutum a bayana. Yaya Mudassir ne, ya zo karɓar takardun cigiya.

"Wannan fa?"

Ya ƙara matsowa kusa da allon.

"Afra'u, na asalin ne wannan? Ai dama na san kwat ɗin nan naku ne na shago. Ashe akwai na asali?"

Ga ƙofa a buɗe, in ce a'a, ni na haɗa shi. Kalma nawa ce? Amma in na faɗa sai ya tambayi ina na asalin. Sai na ji bakina yana cewa, "Yanzu na samo shi."

Ya ce Allahu akbar a hankali, ya ciro wayarsa ya ɗauki fuskar kwamfutar. Na ce ya tsaya, ya tsaya in ƙara dubawa. Ina, har ya hau babur. Takardun ma a nan ya bar su.

Hoton da aka ɗauka daga fuskar kwamfuta yana ɓoye duk wani ɗinki. Ko ni aka nuna wa shi a waya ba zan ce haɗi ba ne.

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Yana ko'ina. Guruf ɗin 'yan unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan acaɓa. An zagaye ƙofar da jan layi an rubuta: duk wanda ya san ƙofar nan ya taimaka saboda Allah. Mutum bakwai sun turo min shi, ni.

Baba bai tambaye ni me ya sa na ce masa haka aka turo ba. Dafa kaina kawai ya yi ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari." Da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Na gaya wa kaina babu komai. Ƙofa ce daga folda, wataƙila ma ta Zariya ce ko ta Maiduguri. Za a yi kwana biyu a gaji a bari.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan magariba

An gane ƙofar.

Wani mai a-daidaita-sahu ne ya kira Yaya Mudassir. Ya ce shagon dusa ne a wani ƙauye gefen hanyar Ajingi, na wani dattijo Bafulatani da ake kira Bubayero, wanda ya daɗe da barin kiwo ya zauna. Ya ce facin kwanon da tauraron duk suna nan, ya turo hoto. Ita ce. Har tsatsar da ke jikin sakata.

Yau Baba ya ci tuwo malmala biyu, rabonsa da haka tun farkon wata. Inna ta yi sadakar ƙosai ga yaran maƙwabta. Tana ta cewa, "Ajingi ce ma ashe, nan kusa. Ashe bai yi nisa ba." Ta riƙe hannuna tana murzawa. Hannunta da ɗumi, nawa kamar na wadda ta kwana a ruwa.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Ya Allah. Ya Allah ka sa a je a tarar da shi a can, ko ta yaya.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan la'asar

Baba ya je, shi da mai unguwarmu da Yaya Mudassir. Ina ɗaki na ji yana ba Inna labari a tsakar gida.

"Mutumin ya ce bai taɓa ganin Abdulmumin ba. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Da muka nuna masa hoton sai ya zauna a ƙasa, Hanne, ya yi ta kallo yana juya wayar. Ya ce ƙofarsa ce, ba ya musu, amma shi bai san yadda aka yi ba. Dattijo ne, gemunsa fari. Har hawaye ya yi."

Inna ta ce, "To kai me ka gani?"

"Ban ga alamar mugu ba. Amma ƙofar ce."

Yaya Mudassir ya ce hawaye ba shaida ba ne, hoto ne shaida. Ya ce an san irinsu, su ake bai wa ajiyar mutane kafin a wuce da su daji. Baba ya ce ya iya bakinsa, an sanar da hukuma, a bar ta ta yi aikinta. Ya ce to, amma irin "to" ɗin nan da ake yi ana kallon ƙasa.

Talata, 22 ga Yuli, da azahar

Na koma foldar Oga na nemo ƙofar, na duba sunan da aka ajiye ta da shi. "Bubayero suna." Na tambayi Oga, na ce ina gyara folda ne. Ya ɗan yi tunani ya ce shekara biyu da suka wuce wani dattijo ya kawo hotunan sunan jikansa a buga masa kalanda, shuɗin ƙofar ya burge shi ya yanke. Oga ba ya bin guruf-guruf, bai ga wanda ake yawo da shi ba. Ya ce, "Mutumin kirki, har da nono ya kawo mana a galan."

To yanzu na sani sarai. Babu sauran "wataƙila" da zan ɓuya a bayanta. Kwana goma sha takwas yayana yana wani wuri da ba wanda ya sani, kuma duk masu nemansa na juya su sun fuskanci ƙofar da bai taɓa tsayawa a gabanta ba.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Na zauna kusa da Inna tana gyaran zogale. Na ce, "Inna, akwai maganar da nake son yi." Ta ɗago ta ce, "Ta yayanki ce? An samu wani abu?" Yadda fuskarta ta buɗe. Na ce a'a, cikina ne ke ciwo. Ta tashi ta jiƙa min kanwa.

Matsoraciya. Na rubuta don in gani da idona.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Jiya wasu samari sun je ƙauyen sun yi ta jifan shagon. An ce matar dattijon da jikokinsa sun gudu wurin dangi. An daina sayen dusarsa.

Yanzu Yaya Mudassir ya bar shagon nan. Ya zo in buga masa hoton babba, guda ashirin. Na ce tawada ta ƙare. Ya ce ba komai, kowa yana da shi a waya. Ya sunkuyo ya rage murya: "Gobe in an sauko daga Juma'a za mu je. Mu talatin ne. Sai ya faɗi inda ya kai shi, ko da bakinsa ko da jikinsa. Kada ki gaya wa Baffa."

Na ce idan ba shi ba ne fa?

Ya kalle ni kamar na zage shi. "Ke da kika samo hoton?"

Na kulle shago na zauna a ƙasa a bayan kanta.

Juma'a, 25 ga Yuli, da hantsi

Na ga babura a gindin dalbejiyar bakin makaranta. Na ga gora a ɗaure a jikin guda biyu. Wani yana zuba fetur a jarka, kuma ba a tankin babur zai sa ba.

Baba yana gona. Zan je in ɗauko shi.

Juma'a, bayan la'asar

Na hau a-daidaita zuwa Balan, na ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. Na same shi a cikin gero yana maimai. Na ce ya zo shago yanzu, akwai abin da zai gani. Bai tambaye ni ba, ya ajiye fartanya ya tada babur. Da ƙasar gona a ƙafarsa ya shiga shagon, karon farko a rayuwarsa. Oga ya tashi ya ba shi kujera.

Ban iya bayani da baki ba. Na buɗe hoton. A gefen kowace leya akwai ɗan hoton ido, in ka danna shi abin da ke kanta ya ɓace. Na danna. Ƙofar ta ɓace, Yaya Mumin yana tsaye a gaban bango. Na sake dannawa ta dawo. Na danna na bangon, ya tafi. Na danna na rigar. Sai kansa kawai ya rage a tsakiyar allo, babu komai a kewaye.

Baba ya ce, "Sake."

Na sake. Sau uku yana sa ni.

Sannan na faɗa masa duka, tun daga ranar Alhamis ɗin, da fari, da kwat, da sharar Asabar, da ƙaryar da na yi masa a bakin ɗaki. Na faɗa masa abin da su Yaya Mudassir suka shirya. Oga ya dafe kai yana salati a hankali.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kin share inda yake. Kin rufe abin da ke jikinsa. To me kika bar mana?"

Na ce fuskarsa.

Ya daɗe yana kallon allon. Sai ya ce da Oga, "Malam, wannan abin yana ɗaukuwa?" Kwamfutar ba ta ɗaukuwa, sai Oga ya ɗauki bidiyon hannuna ina danna idon, ƙofar tana zuwa tana tafiya. Da shi suka tafi masallaci su biyu. An ce ana sallamewa Baba ya miƙe a gaban jama'a ya ce hoton ƙarya ne, 'yarsa ce ta haɗa, duk wanda ya taɓa dattijon nan shi da Allah. An yi ta miƙa wayar Oga daga hannu zuwa hannu.

Ba su je ba. Alhamdu lillahi ba su je ba.

Asabar, 26 ga Yuli, da safe

Yaya Mudassir ya zo gida ya tsaya a zaure yana faɗa. Kwana tara, in ji shi, kwana tara aka ɓata a kan ƙofar banza, da a cikinsu an je wani wurin. Gaskiya ya faɗa. Ban fito ba.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi, tana kallon murhu: "Da kika gan shi, a inuwa yake ko a rana?" Na ce ban lura ba. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da hura wuta.

Lahadi, 27 ga Yuli, da yamma

Kwana ashirin da uku. A kashe. Baba bai yi min magana ba tun Juma'a. Ina gaishe shi, yana amsawa da kai.

Talata, 29 ga Yuli, bayan magariba

Da safe Baba ya fito da babur ya ce, "Ɗauko mayafinki." Maganarsa ta farko ke nan. Ban tambayi ina ba, na sani.

Hanyar Ajingi duk ruwa ya ɓata ta. Muka sauka daga kwalta muka bi ta cikin gonakin dawa. Ina ta neman shuɗi da ido don in shirya kaina, ban gani ba, har Baba ya tsaya ya kashe babur.

Ƙofar ce, ga facin kwanon, ga tauraron. Amma an shafe ta da baƙin mai irin wanda ake juyewa daga inji, shafa ta gaggawa, da tsumma, don a ɓoye shuɗin. Man ya gangaro ya ɓata bango, ƙuda da ƙaiƙayi sun manne a jiki. Duwatsun da aka yi jifa da su an tattara su gefe guda.

Malam Bubayero yana zaune a kan buhu, shi kaɗai. Siriri ne, ya fi Baba shekaru. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa a kwanon sha. Baba ya cire hularsa, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban wani ba, ya ce, "Malam, ga wadda ta yi. Ni na haife ta, laifin a wuyana yake. Mun zo neman gafara."

Na durƙusa. Na yi bayanin yadda zan iya, da kalanda, da folda, da yadda ake ɗora abu a bayan mutum. Ban san ko ya gane ba. Yana ta kallon hannuwana.

Ya ce, "An ga yaron?"

Baba ya ce ba a gan shi ba.

"Allah ya bayyana shi. Na yafe, don wanda ɗansa ya ɓata ba a riƙe shi da laifi." Ya dubi ƙofar. "Amma iyalina sun ce ba za su dawo ba. Jikar tawa in ta ji babur sai ta shige ƙarƙashin gado. Hoton kuma an ce yana nan a wayoyin mutane, har garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Shekaranjiya ma wasu biyu sun zo sun tsaya daga nesa suna nuna shagon."

Na ce an tura bidiyon gyara ko'ina. Ya ce wanda ya ga na farko ba lallai ya ga na biyu ba.

Ya tashi ya taɓa ƙofar da yatsa, ya duba baƙin da ya shafo, ya goge a jikin buhu. Sannan ya juyo gare ni, ba da faɗa ba, da gaske yake tambaya, kamar yadda kwastoma ke tambayata a shago.

"'Yata, ke kika san aikin launi. Wannan baƙin, ruwan sama zai wanke shi, shuɗin ya sake fitowa. Wane launi zan sa mata da ba za a ƙara zuwa ba?"

Baba ya juyo yana kallona shi ma. Su biyu suna jira.